Wasannin da aka cire wa bindiga

Har yau gardamar ba ta kwanta ba. Duk sa'ad da aka fitar da wasan kwamfuta wanda ba a harbi a cikinsa, ba a mutuwa, sai dai mutum ya yi ta yawo cikin gida ko daji yana tsintar labari, sai masu wasa su rabu biyu. Wasu su ce wannan ai ba wasa ba ne, har suka laƙaba masa sunan ba'a, wai na'urar koyon tafiya, sunan da ya bazu a kasuwar Steam tun wajen 2014. Wasu kuma su ce a nan ne labari ya fi shiga jiki. Ni ina tare da na biyun, amma ba za a gane ƙarfin wannan salo da rauninsa ba sai an san tsatson da ya fito.

Masu bin salsala sukan fara ne daga 1976, lokacin da Will Crowther ya ƙirƙiro Colossal Cave Adventure, wasa na rubutu zalla da ya gina bisa kogon Mammoth na jihar Kentucky a Amurka. Daga nan sai su tsallako zuwa Myst na 1993, na 'yan'uwan nan Rand da Robyn Miller, wanda ya riƙe kambun ciniki a wasannin kwamfuta har The Sims ya ture shi a 2002. Da yawa suna cewa Myst ne kakan wasannin yawo, tunda tsibiri ne shiru ba kowa. Ban yarda ba. A Myst ƙofa ba ta buɗuwa sai ka warware wata sarƙaƙiya, kuma wannan wasa ƙwaƙwalwar shi ne gishirinsa.

Asalin yana wurin da ba a zato, wato wasannin harbi. A can baya Dan Pinchbeck malami ne a Jami'ar Portsmouth ta Ingila, yana nazarin irin wasannin da ake ganin duniya ta idon maharbi. Sai ya tambayi kansa: in aka ɗauke bindigar da abokan gaba, me zai rage? A 2008 ya ɗauki injin wasan harbi na Half-Life 2 ya gina Dear Esther: tsibiri a gaɓar Sukotland, kana tafiya, muryar wani mutum tana karanta wasiƙu zuwa ga matarsa da ta rasu. Da aka sake gina shi aka sa a kasuwa ranar 14 ga Fabrairu 2012, bai cika awa shida ba ya mayar da kuɗin masu jari. The Stanley Parable na Davey Wreden shi ma a kan injin Half-Life 2 aka fara shi a 2011. Mutum ukun da suka kafa Fullbright, masu Gone Home na 2013, daga aikin wasan harbi na BioShock 2 suka fito. Wannan ya wuce a kira shi katari.

Ko wofintar wuraren ma gado ce. Tun a System Shock na 1994, masu ginin sun ga hira da mutanen cikin wasa ba ta gamsar da su, sai suka sa ma'aikatan tashar da wasan ke gudana a cikinta duk sun mutu, labarinsu ya rage a saƙonnin murya da ake tsinta. Dabarar ta rage wahala da kashe kuɗi, ƙananan kamfanoni kuwa suka rungume ta.

A Gone Home ne na ga abin ya nuna sosai. Daren 7 ga Yuni 1995, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Katie ta dawo gida daga Turai ta tarar ba kowa, sai takarda a jikin ƙofa daga ƙanwarta Sam tana roƙon kada a neme ta. Kana jawo durowa, kana juya kaset a hannu, kana karanta wasiƙar da aka cusa a lungu. Sai ka ci karo da kwalin littattafan ubansu da ba su sayu ba, can kuma ga takardar da ke nuna ya koma rubuta sharhin kayan sauti don a samu na cefane. Ba wanda ya ce maka mutumin nan ya karaya. Kai ka haɗa da kanka, kuma mai gaggawa zai iya gama wasan bai ma lura ba. Fim ba ya iya ba ka wannan, domin shi ke zaɓar maka inda za ka duba.

Raunin salon ma daga wannan tsatson ya fito. An cire bindiga, ba a ba hannu wani aiki ba. Everybody's Gone to the Rapture na 2015, na kamfanin Pinchbeck, ƙauyen Ingila ne mai kyan gaske, amma jan ƙafar tafiyarsa ya gundiri mutane, har kamfanin ya fito ya bayyana cewa akwai maɓallin sauri da ba a sanar ba. Ga batun kuɗi: an sayar da Gone Home kusan dala 20, alhali ana gama shi cikin awa biyu zuwa uku, kuma in ka san ƙarshen babu abin komawa. Da Steam ta fito da tsarin mayar da kuɗi a Yunin 2015 ga wanda bai kai awa biyu yana wasa ba, gajerun wasanni ne suka fi shiga tasku. Masu ƙorafin nan suna da gaskiyarsu.

Amsa mafi ƙarfi ta zo a 2017 da What Remains of Edith Finch na Giant Sparrow. A labarin Lewis, wanda ke aiki a masana'antar kifin gwangwani, hannunka ɗaya yana jawo kifi yana kai wa wuƙa ta sare kai, ɗayan kuma yana tafiyar da Lewis cikin masarautar da yake ƙagawa a zuci. Sannu a hankali mafarkin yana cinye fuskar allon, hannunka bai daina yanka ba, har ka manta kana yi. Halin da yaron yake ciki ke nan, kuma a yatsunka ka ji shi. A 2018 hukumar BAFTA ta Birtaniya ta ba shi kyautar gwarzon wasa, a gaban The Legend of Zelda: Breath of the Wild da Super Mario Odyssey.