Hannu a gindin randa

Wani yaro da aka ɗauka aikin duba masana'antu bara ya zo gaishe ni bayan la'asar, ya nuna min fom ɗinsu a waya. Wurin ruwan sha gida biyu ne kacal: akwai, babu. Ya ce, "Baba, ku da me kuke dubawa a nan? Ai aikin minti ɗaya ne." Na ce ya jawo tabarma.

Maigidan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya fara zagaye da ofishin manaja. In muka shiga masaƙa a Kakuri, kafin ya kalli tukunyar tururi ko ƙarfen da ke kare bel, randa yake nema. Ya ɗaga faifai, ya sa a juye ruwan, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gindi. In yatsa ya ji santsi, to an kwana biyu ba a wanke ta ba, ko da ruwan ya yi garau a ido. Sai ya duba moda, a rataye take ko a ƙasa. Sannan ya koma injin da ya fi nisa, ya tako zuwa randar yana ƙirga taku a baki.

Ƙirgar nan ce ta fi ɓata wa manajoji rai. Ɗakin saƙa da gangan ake sakar masa danshi don kada zare ya tsinke, ga zafin injuna, ga ƙurar auduga a maƙogwaro. Masaƙin da ke tsare da injuna da yawa ba zai bar su ya tafi bakin ƙofa shan ruwa ba, zai daure ne har jiri ya ɗebe shi a gaban ƙarfe mai juyawa. Maigida ya goge ne a kan dokar masana'antu ta 1958 da muka gada daga Turawa, mu kuma muka ƙarasa da ta 1987. Sashe na 40 na dokar 1987 ya ce ruwan sha ya wadata, ya kasance inda kowa zai kai gare shi ba wahala, wanda ba na famfo ba a sabunta shi kullum, sufeto kuma yana iya sa a rubuta alama da Turanci da harshen ma'aikata. Maigida ya ɗauki "ba wahala" ɗin nan ya mayar da ita taku.

Na tuna wata rana a Kano, cikin watan Afrilu, a wata masana'anta. Muka tarar leburori suna sha daga duro shuɗi, wanda aka kawo sinadarin rini a ciki. Manaja ya rantse an wanke shi da sabulu sau uku. Maigida bai ce uffan ba. Ya cika moda, ya miƙa masa da hannu biyu: "Bismilla, ranka ya daɗe." Mutumin ya tsaya yana kallon ruwan, leburori suna kallonsa. Da muka dawo mako na gaba randuna sababbi ne a jere. Ko takardar gargaɗi ba mu rubuta ba.

Masaƙun sun tafi. KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007. Randa ma ta tafi, fiyawata ta gaje ta. Ba na ƙin ruwan leda, amma ya kashe mana hanyar gane gaskiya. Yanzu manaja rasit zai nuna maka na buhu kaza, alhali buhunan suna sito a kulle, lebura ɗan kwantiragi yana saye da kuɗinsa a bakin get. Tarar da aka rubuta a 1987 kuwa har yau ita ce a takarda, ba ta tsorata ko mai shago.

Yaron ya ce, "To Baba, inda babu randa fa, a ina zan sa hannu?" Na ce ya ƙi ruwan gorar da za a kawo masa a ofis, ya sauka wurin injuna ya tambayi wanda ya fi kowa jiƙewa da gumi inda yake sha, ya bi shi da ƙafa, yana ƙirgawa. Ya ce fom ɗin ba shi da gidan rubuta taku. Na ce ya rubuta a bayan hannunsa.