Tarihin Giɓin Arziki Tsakanin Masu Hali da Talakawa

Giɓin arziki shi ne tazarar da ke tsakanin abin da masu hali suka mallaka ko suke samu da abin da ke hannun sauran jama'a. Masana kan duba shi ta fuska biyu: dukiyar da aka tara, kamar gonaki da gidaje da jari, da kuma kuɗin shiga na shekara. Dukiya ta fi taruwa a hannun tsiraru, domin ita ake gada.

Tazarar ta fara faɗi ne tun da mutane suka zauna wuri guda suna noma da kiwo, aka sami gona da garke da uba zai bar wa ɗa. Bashi ya ƙara mata faɗi. A birnin Atina na tsohuwar Girka manoma sun riƙa faɗawa bauta saboda bashi, har mai tsara dokoki Solon ya soke basussukan wajen shekarar 594 kafin haihuwar Annabi Isa. A Rum kuwa, wakilin talakawa Tiberius Gracchus ya nemi a raba wa talakawa filayen hukuma a shekarar 133 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kashe shi a shekarar.

Abin takaici a wannan tarihi shi ne, ba kasafai giɓin ke raguwa cikin lumana ba. Annobar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla mutum ɗaya cikin uku. Masu aikin gona suka yi ƙaranci, ladansu ya hau. A Ingila aka kafa doka a 1351 don a hana ƙarin lada, amma ta kasa tare shi. Da jama'a suka sake yawaita a ƙarni na 16, ladan ya zube. Kafin 1914, kashi 10 cikin 100 na mutanen Birtaniya ne ke riƙe da kusan kashi 90 na dukiyar ƙasar.

Daga 1914 zuwa shekarun 1970 ne aka ga raguwa mafi girma. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun rushe kadarori, hauhawar farashi ta cinye ajiya, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ƙarfi, gwamnatoci suka ɗora wa manyan masu samu haraji mai nauyi. A Amurka, mafi girman matakin harajin kuɗin shiga ya kai kashi 94 a 1944. Masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya yi hasashe a 1955 cewa bunƙasar masana'antu kan faɗaɗa giɓin da farko, sannan ta rage shi. Hasashen bai ɗore ba. Bayan 1980 gwamnatocin Thatcher a Birtaniya da Reagan a Amurka suka zaftare harajin, na Amurka ya sauko zuwa kashi 28 a 1988, tazarar ta sake buɗewa.

Masanin tattalin arziki Thomas Piketty, a littafinsa na 2013, ya danganta faɗaɗar giɓin da yadda ribar jari ke zarce bunƙasar tattalin arziki, mai gado ya tsere wa mai albashi. Masanin tarihi Walter Scheidel kuwa, a 2017, ya nuna cewa yaƙi da juyin juya hali da rushewar daula da annoba su ne suka fi rage giɓin. Sai dai bai kamata a raina rawar doka ba, domin ita ma tana gina giɓi da gangan: a 1913 dokar filaye ta Afirka ta Kudu ta keɓe wa baƙaƙen fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, kusan kashi 7 kacal na ƙasar, kuma har yau ƙasar tana cikin waɗanda giɓinsu ya fi faɗi a duniya.