Eumir Deodato: Makaɗin Da Ya Sauya Wa Kiɗan Strauss Riga

A shekarar 1896 ne mai tsara kiɗan nan ɗan ƙasar Jamus, Richard Strauss, ya kammala wani dogon kiɗa mai suna Also sprach Zarathustra, wanda ya ɗauko sunansa daga littafin masanin falsafa Friedrich Nietzsche. An fara gabatar da shi a birnin Frankfurt a wannan shekara. Kiɗa ne na manyan zauruka, da ake yi da tawagar makaɗa masu yawa, kuma mabuɗinsa na ƙaho da tambura ya ƙara shahara bayan da Stanley Kubrick ya sanya shi a fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey a 1968.

Wanda ya fitar da wannan kiɗa daga zaure zuwa filin rawa shi ne Eumir Deodato, haifaffen birnin Rio de Janeiro na ƙasar Brazil. Ya fara suna a gida wajen tsara kiɗan bosa noba, sannan ya koma Amurka a 1967, inda ya yi wa manyan mawaƙa aiki, ciki har da Frank Sinatra da Roberta Flack.

A watan Satumba na 1972 ya shiga ɗakin naɗar sauti na Van Gelder da ke jihar New Jersey, ƙarƙashin kamfanin CTI na Creed Taylor. Ya riƙe ainihin zaren kiɗan Strauss, amma ya ɗora shi a kan bugun fonk mai motsa jiki. Shi da kansa ya kaɗa fiyanon lantarki, John Tropea ya riƙe jita, Stanley Clarke ya ja bas, Billy Cobham kuma yana kan ganguna. Abin ya yi kama da a ɗauki taken sarauta da aka saba ji daga tambari da algaita a fada, a sake shi da kayan kiɗan zamani ba tare da an ɓatar da asalinsa ba.

Kiɗan, mai tsawon kusan minti tara, ya fito a faifan Prelude a farkon 1973. Ya kai mataki na 2 a jerin Billboard na Amurka da na 7 a Birtaniya, ya kuma ci lambar yabo ta Grammy a 1974. Daga baya an yi amfani da shi a fim ɗin Being There na 1979.

Wannan nasara ta zo da darasi ga ’yan kasuwa. Ribar da CTI ta samu ta ƙarfafa mata gwiwar kafa nata hanyoyin rarraba faya-fayai maimakon dogaro da dillalai. Kuɗin gudanar da wannan tsari ya fi ƙarfin kamfanin, har ya kai ga bayyana karayar arziki a 1978.

Deodato kuwa ya buɗe sabon babi a matsayin furodusa. Ya jagoranci faya-fayai huɗu na ƙungiyar Kool & the Gang tsakanin 1979 da 1982, waɗanda suka dawo da ita fagen kasuwa bayan tauraronta ya dusashe. Daga cikinsu ne waƙar Celebration ta fito, wadda ta hau mataki na ɗaya a Amurka a 1981. A shekarun 1990 kuma ya tsara wa mawaƙiyar ƙasar Aisland, Björk, kiɗan goge a faya-fayanta Post na 1995 da Homogenic na 1997.