Magungunan damuwa na rukunin MAOI

Waɗannan su ne magungunan ciwon damuwa na farko da likitancin zamani ya samu, kuma a asibitin tarin fuka aka yi tuntuɓe da su. A 1952 likitocin asibitin Sea View da ke New York suka gwada iproniazid a kan masu tarin fuka, sai ga majinyata sun ware, suna cin abinci, wasu har da rawa. A shekarar ne kuma Ernst Zeller ya gano cewa maganin yana dakatar da monoamine oxidase, sinadarin da ke rushe serotonin da noradrenaline a jiki, daga nan rukunin ya samo sunansa na MAOI. A 1957 Nathan Kline ya nuna amfaninsa ga masu ciwon damuwa.

Murna ba ta daɗe ba. Iproniazid yana lalata hanta, aka janye shi daga kasuwar Amurka a 1961, phenelzine da tranylcypromine suka maye gurbinsa.

Babbar matsalar kuwa daga abinci ta ɓullo. A 1963 wani matashin likita a Landan, Barry Blackwell, ya bayyana yadda jinin masu shan irin waɗannan magunguna ke hawa farat ɗaya bayan sun ci cuku. Dalili shi ne tyramine, wanda ke taruwa a daɗaɗɗen cuku da naman da aka adana da sauran abincin da aka bari ya ruɓa da gangan. A ƙa'ida, monoamine oxidase na hanji da hanta ne ke rushe shi. Idan magani ya rufe wannan ƙofa sai ya kwarara cikin jini, kai ya sara, wani lokaci jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Haɗa MAOI da wasu magunguna ya fi wannan muni. Libby Zion, mai shekara 18, ta rasu a 1984 bayan an yi mata allurar pethidine tana kan phenelzine, lamarin da ya sa jihar New York ta ƙayyade awannin aikin sabbin likitoci. Tramadol ma yana cikin jerin magungunan da ba a haɗawa da MAOI. Shi ya sa ake barin mako biyu tsakanin MAOI da wani maganin damuwa, mako biyar bayan fluoxetine.

Tsoron ya ɗan wuce gona da iri, domin har yau akan koma musu idan sauran magunguna sun gaza. Moclobemide da selegiline na mannawa a fata, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, sun sassauta dokar ƙaurace wa abinci mai tyramine.