TARIHIN TAIMAKON KARATU A GANA, DA YARON DA AKA BARI A ƘOFA

Jama'a, dattawa da samari, muna so mu bi tarihin taimakon da Gwamnatocin ƙasar nan suka yi ta ba 'yan makaranta, don mu ga inda aka bar ɗan zango wanda karatunsa ya tsinke, yana kuwa son komawa.

Zamanin da ake kiran ƙasar nan Gwalkwas, yawancin makarantun boko a hannun 'yan mishan suke, ana kuma biyan kuɗi. Kakanninmu fatake ne, masu cinikin goro da shanu. Da yawansu suka ƙi kai 'ya'yansu, don tsoron kada a juya musu addini. Tun daga nan aka tsere mana.

Cikin 1951 Kwame Nkrumah ya zama shugaban harkokin Gwamnati, aka fito da shirin yaɗa ilmi da gaggawa, daga 1952 aka soke kuɗin firamare. Cikin 1961 aka kafa doka, karatun yara ya zama tilas. Amma sakandare sai mai kuɗi. Wanda ba shi da su, manyan ƙofofin taimako biyu ne. Hukumar Koko tana ɗaukar nauyin 'ya'yan manoman koko. Gwamnati kuma tana ɗaukar nauyin 'yan asalin arewacin ƙasar, domin Turawa sun bar su a baya. Duka biyu abin yabo ne. To, amma yaron da aka haifa a zangon Kumasi ko Nima, ubansa ba shi da gonar koko, asalinsu kuwa Kano ko Sakkwato, ta wace ƙofa zai shiga? Sai ya kama yaron mota, ko ɗinki, ko dako a kasuwa.

Ana nan, sai cikin watan Nuwamba 1969 Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Gidaje suka watse, yara suka bar aji a tsakiyar shekara.

Daga baya an yi gyara, ba mu musu. Cikin 1987 aka kafa Sashen Ilmin Musulunci, Gwamnati ta shiga biyan malaman boko a makarantun Islamiyya. Cikin 2005 ta fara ba makarantun firamare kuɗi bisa yawan yara, don a daina karɓa daga iyaye. Cikin 2017 aka mai da sakandare kyauta, a shekarar kuma Majalisa ta amince da dokar Asusun Raya Zanguna. Cikin 2020 aka yi dokar hukumar koyar da waɗanda ba su cikin makaranta.

Amma ku lura da abu guda. Yawancin wannan taimako wanda sunansa ke cikin rajistar makaranta yake bi. Saurayi mai shekara 22 da ya fāɗi lissafi ko Ingilishi a jarrabawar ƙarshen sakandare, in zai sake, shi zai biya malamin darasin dare, shi zai biya kuɗin rajistar jarrabawar Nuwamba da Disamba. Ban da wannan, duk ranar da ya zauna a aji ya rasa cinikin ranar, ga ƙanne suna jiran cefane. Yarinyar da ta haihu kuwa, ko an ce ta koma aji, wa zai riƙe mata goyo?

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta buɗe asusu na musamman don masu komawa karatu, ya biya kuɗin jarrabawa da ɗan na cefane. Muna roƙon masu gidan ɗinki da na kanikanci su riƙa sallamar yaransu da la'asar. Sarakunan zango kuma su kai maganar gaban wakilanmu na Majalisa. Ku kuwa samari, kada kunyar zama aji da ƙannenku ta hana ku, gemu ba ya hana ilmi. Allah Ya taimake mu, amin.