Farfesa Kamilu Karaye da neman maganin ciwon zuciyar masu jego

Kusan kowace unguwa, daga nan Saga har ƙauyukan bakin kogi, an san labarin mace da ta haihu lafiya, aka yi suna aka watse, bayan ƴan makonni ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, har kwanciya ta gagara sai a zaune. Wasu su ce sanyi ne ya shige ta, wasu su ce jifa. Sau da yawa kuwa zuciya ce ta gaza. Yau mun kawo maku tarihin aikin wani masani da ya daɗe yana bin diddigin wannan ciwo da magungunansa, wato Farfesa Kamilu Musa Karaye na Kano.

Wane ne shi

Karaye likitan zuciya ne a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma farfesa a Jami'ar Bayero. A 2016 ya kammala digirin dokta a Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin, kuma a kan wannan ciwo na masu jego ya rubuta kundinsa, da marasa lafiyar da ya duba a Kano.

Mene ne ciwon

Zuciya famfo ce. Mai lafiya, a kowane bugu, tana tura fiye da rabin jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu. A wannan ciwo naman zuciya yana yin rauni a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, abin da take turawa ya sauka ƙasa da kashi 45 cikin 100. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Da hoton zuciya, wanda ake ce ma eko, ake tabbatar da shi. In kun ga CMPP a takardar likita ta Faransanci, ko PPCM a ta Ingilishi, to shi ne.

Waɗanda suka riga shi

Ba Karaye ya fara ba. A shekarun 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka lura ciwon yana kama wajen mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin. Suka ɗora alhakin a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi, kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Shekaru da dama wannan bayani ne ake koya ma ɗaliban likita.

Sai kuma wani haske ya fito daga nan Yamai. A 1992, Arnaud Cénac, likita Bafaranshe da ya yi aiki a babban asibitin Yamai, tare da Ali Djibo da wasu abokan aiki, suka buga sakamakon awon jinin matan da ke da ciwon. Sun tarar sinadarin seleniyom ya yi ƙasa ƙwarai a jininsu in an kwatanta da masu shayarwa lafiyayyu. Seleniyom abu ne da jiki ke buƙata kaɗan ƙwarai, daga ƙasar noma yake shiga abinci, kuma yana taimaka ma naman zuciya ya kare kansa daga lalacewa. Dama an san a yankin Keshan na ƙasar Sin ƙarancinsa ya haddasa wani ciwon zuciya da ya kashe yara da mata masu yawa, kuma ciwon ya ragu da aka fara ba mutane sinadarin.

Abin da Karaye ya ƙara

Matakin farko, ya sake wannan awo a Kano. A 2015 ya buga cewa wajen uku cikin huɗu na masu ciwon suna da matsanancin ƙarancin seleniyom, alhali cikin lafiyayyu bai kai ɗaya cikin huɗu ba. Abin da aka gani a Yamai ya tabbata a Kano kenan.

Mataki na biyu, a 2017 ya jagoranci wani babban rajista mai suna PEACE, inda asibitoci 22 na Najeriya suka tattara bayanan mata 406 masu ciwon. Mafi yawansu daga arewa maso yamma suke, maƙwabtan Maraɗi da Ƙonni, inda aka samu mace ɗaya cikin haihuwa 96. Da aka auna dalilai, abin da ya fito shi ne rashin karatu, rashin sana'a, rama, da hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga. Wankan jego da kunun kanwa ba su tsaya a matsayin dalili na kansu ba. Ashe talauci da yunwa sun fi tukunyar kaka laifi.

Amma a yi hattara, jama'a. Wannan ba ya nufin kanwa ta zama magani. Macen da zuciyarta ta riga ta yi rauni, gishiri da kanwa suna ƙara tara mata ruwa a jiki. Dole ta rage.

Da aka bi matan na tsawon lokaci, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, galibi cikin watannin farko. Ƴan ƙasa da shekara 20 sun fi shiga haɗari. Waɗanda kuma suka dage da shan magungunan da ake kira beta-bloka sun fi tsira. Irin su carvedilol da bisoprolol kenan, masu rage gudun zuciya su ba ta sararin hutawa.

Mataki na uku shi ne gwajin seleniyom kansa a matsayin magani, wanda aka buga a 2020. Mata 100 masu ciwon da ƙarancin sinadarin aka raba gida biyu. Dukansu suna shan maganin zuciya, amma kashi ɗaya aka ƙara masu maikurogiram 200 na seleniyom kullum har wata uku. Waɗanda suka sha sun fi samun sauƙin haki da kumburi. Mace-mace ma sun yi ƙasa a cikinsu, sai dai yawan matan bai kai a yanke hukunci a kan wannan ba. Ƙarfin bugun zuciya kuwa bai fi na sauran farfaɗowa ba. Haka ya rubuta, bai ƙara gishiri ba, ya ce sai an yi gwaji mafi girma. Wannan shi ne halin masani na gaske.

Wani maganin da ake gwadawa

A Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a 2007 cewa wani ɓangare na sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya cutar da zuciya. A 2010 Karen Sliwa ta gwada bromocriptine a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, aka ga alamun nasara. Matsalarsa a wajenmu ita ce yana ƙafar da nono. Gidan da ba kuɗin madara, ba tsabtataccen ruwa, ceton uwa zai iya jefa jariri cikin haɗari. Shi ya sa likita kaɗai ke yanke wannan shawara.

Abin da ya rage gare mu

Mai ciki wata tara ko mai jego da ke haki in ta ɗan motsa, ko tari da dare, ko ƙafafu sun kumbura, ko gabanta na bugawa da sauri, a kai ta likita a ranar, kar a jira arba'in. Daga can za a tura ta inda ake hoton zuciya. In an rubuta magani, ta ci gaba da sha ko ta ji sauƙi, don furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, ruwa yake cirewa kawai, kumburi ya sace alhali zuciya ba ta warke ba. Kar a sayi seleniyom a kasuwa a sha da ka, yawansa guba ne, yana zubar da gashi, yana lalata farce. Kifi da ƙwai da nama suna ɗauke da shi, kuma mu da ke bakin Isa kifi bai yi mana nisa ba. Wadda ta taɓa yin ciwon ta ga likita kafin wani cikin, domin yana iya dawowa da ƙarfi.

Ku kuma ƴan uwa na Kwatano, Akara, Abijan da Turai, in za ku aiko kuɗin ragon suna, ku ware na awon ciki da abincin mai jego, ku kuma tambaya a waya yadda take numfashi. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba iyayensu mata lafiya.