Daga Maƙeran Gaya Zuwa 'Yan Matan Kwamfuta

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ɗan tarihi ne, kuma ƙanwata ce ta jawo shi.

Mu mutanen Gaya da tutiya ɗaya muka tashi, wai daga garinmu maƙera suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama, har suka zauna, su ne ake kira Abagayawa a tarihin Kano. To shi maƙeri ba ya tambayar yaro takarda. Zuga-zugi zai miƙa masa, ya ba shi guduma, ya koma gefe yana kallon hannunsa. Wallahi ban taɓa zaton wannan tsohuwar jarrabawa tana nan a aikin kwamfuta ba.

Ƙanwar tawa 'yar gwaggona ce ta Ajingi. Ta yi karatun kwamfuta a jami'ar Wudil, wadda ta soma aiki a 2001, aka sauya mata suna zuwa Aliko Dangote a 2022. Wani kamfani ya kira ta intabiyu ta bidiyo. Ta kwana uku tana haddace littafi. Da aka zo sai suka ce ta rubuta ɗan tsarin da zai tsamo sunayen da suka maimaitu a cikin jeri. Ta yi tsit, minti goma ba ta ce uffan ba, aka sallame ta. Ta zo min da kuka tana cewa, "Yaya, ƙila dai aikin nan na maza ne." Ga Baffa ya ce shekara ɗaya ya ba ta, in babu aiki a yi maganar aure.

Maganar nan ta tsaya min a rai, don ba haka tarihi ya ce ba. Tun 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta rubuta matakan lissafi don injin Charles Babbage, injin da ba a ma gama ƙera shi ba. A 1945 a Amurka, mata shida aka ɗauka su tsara aikin ENIAC, ƙatuwar kwamfutar da ta cika ɗaki guda. Ba littafin koyo, zanen wayoyin injin aka miƙa musu, suka bi shi da kansu har suka gane. Ranar da aka nuna injin ga jama'a a Fabrairun 1946 ko gabatar da su ba a yi ba. Haba! Ni wannan ya fi komai ƙona min rai. Sannan ga Margaret Hamilton da ta shugabanci masu rubuta manhajar Apollo 11 a 1969. Ko a nan gida, tun 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya na 'yan mata suka biyo.

Duk na karanto mata wannan. Sai wata malamarta ta ƙara mata da abin da ni ban sani ba. Masu intabiyu tunaninki suke son ji. Ki maimaita tambayar da bakinki, inda ba ki gane ba ki tambaya, ki riƙa faɗin abin da kike yi ko da za ki yi kuskure ki gyara. Kuma ki je da wani abu da hannunki ya ƙera, ki ajiye shi a GitHub a gani.

Ta koma Ajingi ta rubuta 'yar manhajar da ke riƙe wa gwaggo lissafin adashe, wa ta zuba, wa ke da kwasa. Kullum bayan la'asar nakan kira ta in zama mai tambaya, alhali ni ko harafi ɗaya na abin ban sani ba, ita kuma ta yi ta bayani har sai na gane.

An sake kiranta, ranar Laraba mai zuwa ce. Na ce ta taho Gaya tun Talata, sabis ya fi ƙarfi a ɗakina, kuma na riga na yi wa maigidan maganar man janareta.